Amsoshin Tambayoyinku: Lambar Sirri Ɗaya Ta Isa?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, yana tambaya ko daidai ne lambar sirri ɗaya ta buɗe masa imel, lissafin kaya da albashin yara a kwamfuta.

To Alhaji, haka manyan kamfanoni ke yi. Daɗinta, ranar da yaro ya bar aiki, ƙofa ɗaya za ka rufe. Amma fa kowa da tasa lambar, ban da aro. Ka kuma haɗa da tabbatarwa ta waya. Ita ma sai da lura: a 2022 wani ɓarawo ya yi ta turo wa ɗan kwangilar Uber saƙon neman izinin shiga, har ya amince, ɓarawo ya shige. In irin saƙon nan ya zo ba kai ka nema ba, ka ƙi, ka canja lambar nan take.