Takardar Tara, Lasisi da Inshora: Jawabi ga Ɗalibai Masu Tuƙi



Da aka nemi in yi magana a kan gudun wuce ƙa'ida, sai da na yi jinkiri, domin ni kaina ba ni da bakin yi wa kowa faɗa. A hutun da ya wuce na ari motar yayana zan kai mahaifiyarmu biki Zariya. Mun baro Kaduna a makare, na taka mota, ban ankara ba sai ga jami'an kiyaye haɗurra sun ɗaga mini hannu. Na'urar auna gudu ta nuna na haura kilomita 100 a awa, aka rubuta mini takardar laifi, aka riƙe lasisina. Wani ɗan'uwa da ke tare da mu ya raɗa mini cewa in ba su na goro a wuce wurin. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi: kai ka yi laifin, kai za ka biya. Abin da na koya daga wannan rana shi zan gabatar muku.

Da farko, wajibi ne mu san dokar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, an kafa ta a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ƙa'idar da aka shimfiɗa wa ƙaramar mota ta gida ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi. A jadawalin dokar hukumar ta 2007, tarar wanda ya ƙetare wannan iyaka naira 3,000 ce, tare da makin laifi 3. Wanda ya yi yunƙurin ba jami'i cin hanci kuwa, naira 10,000 ce da maki 10. Ashe da na bi shawarar ɗan'uwan nan, da garin gyaran gira na rasa ido.

To, idan an tsayar da mutum, me ya kamata ya yi? Ya tsaya a gefen hanya, ya yi sallama, ya miƙa takardunsa ba tare da gardama ba. Ya karanta takardar da aka rubuta masa, ya tabbata sunansa da lambar motar da irin laifin duk daidai ne. Kada ya miƙa wa kowa kuɗi a hannu, domin tara a banki ake biyanta, ko ta Remita, ta shiga asusun gwamnati. Da rasit ɗin zai je ofishin hukumar ya karɓi lasisinsa, sa'an nan ya adana rasit ɗin. Idan kuwa yana da yaƙinin bai yi laifin ba, doka ta ba shi damar ya ƙi biya, ya je gaban alƙali ya kare kansa. Hanya ta uku, wato a watsar da takardar a ce ai za a manta, ita ce mafi muni.

Na biyu, tarar ba ita ce babbar asara ba. Kuɗi ana biya a wuce, amma makin laifi taruwa yake yi a kan lasisi. Bisa tsarin hukumar, maki 10 zuwa 14 gargaɗi ne, 15 zuwa 20 a dakatar da lasisi, 21 zuwa sama a ƙwace shi. Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Ingila, wanda ya tara maki 12 cikin shekara 3 ana iya hana shi tuƙi, sabon direba kuwa maki 6 cikin shekara 2 na farko sun isa a soke lasisinsa. Masu niyyar ƙaro ilimi a can sai su lura.

Na uku, inshora. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar dukiya kuma ta kai naira miliyan 3. Takardar tara guda ba ta ƙara wannan kuɗi, tun da ƙayyadadde ne. Amma fa sharaɗin inshora shi ne mai tuƙi ya kasance da lasisi mai aiki. Wanda aka dakatar da lasisinsa, ya hau hanya ya yi haɗari, kamfani na iya ƙin biya, nauyin ya dawo kan gidansu. Haka nan mai cikakkiyar inshora, rangwamen da ake yi masa domin ya shekara bai nemi diyya ba, haɗari guda yana iya cinye shi. Kuma a duba lambar mota a rumbun bayanai na NIID, domin takardun jabu sun yi yawa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wanda aka tsara bisa Shari'a.

Daga ƙarshe, me ya sa aka sa iyakar tun asali? Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafa ta isa birki. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan, 'yan'uwa.

Ni dai na biya tarata, na karɓi lasisina, na kuma ba yayana haƙuri. Bikin da nake wa gaggawa, sai da aka watse muka isa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a ranar na ga gaskiyarsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wadda ke zaune a bayan motar, da abin da zan faɗa wa ƙannena da taya ta fashe.

Allah Ya kiyaye mana hanya.