Ivan Lendl: Kofin da ya gagare shi, ɗalibinsa ya ɗauka

Yau mun ajiye ƙwallon ƙafa, tanis za mu taɓa, kuma mutumin da na ɗauko muku shi ne Ivan Lendl, wanda aka haifa a Ostrava a 1960.

Lendl ya ci manyan kofuna takwas, ya yi mako 270 yana na ɗaya a duniya. Amma fa ya sha wuya kafin nan. Wasannin ƙarshe huɗu na farko da ya kai, duk doke shi aka yi. Sai a 1984 a Faris ya juya wa McEnroe wasa bayan an ci shi zagaye biyu. Wimbledon kuwa ta ƙi shi ƙememe. A 1986 Becker ya ci shi a wasan ƙarshe, a 1987 Pat Cash. A 1990 har gasar Faransa ya ƙaurace wa don ya shirya wa filin ciyawa na Landan, duk a banza. Ciwon baya ya sa ya yi ritaya a 1994.

To, ga inda labarin ke taɓa ni. A 2012 yana horar da Andy Murray, wanda shi ma huɗunsa na farko duk faɗuwa ya yi. Wa ya fi Lendl sanin wannan ciwo? Shekarar ba ta ƙare ba sai da Murray ya ci zinaren Olamfik da US Open. A 2013 ya ɗauki Wimbledon, rabon namiji ɗan Birtaniya da ita tun 1936. Sun rabu a 2014, Lendl ya dawo a 2016, Murray ya sake ɗaukar ta.