Kiwon Ƙoƙi-ƙoƙi: Ɗakin Gwaji A Cikin Kwalba

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ranar da na gaya wa sakataren ƙungiya cewa a kan kiwon ƙoƙi-ƙoƙi zan yi magana, sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na san da yawanku haka kuke tambaya a zuci. To ku ara mini kunnuwanku kaɗan.

Waɗanda muka tashi a Tafoki da kewaye ba mu manta yadda muke kama wannan ƙwaro a ganyen dawa da damina ba, mu tsokane shi da tsinke, shi kuwa ya ɗaga hannuwa kamar ɗan dambe. Da muka zo makaranta, malaminmu na ilmin halittu, Allah Ya saka masa da alheri, bai yarda mu kwafi hotonsa daga allo ba. Cewa ya yi kowa ya fita ya kamo nasa ya zana. A ranar na fara gane cewa kallo daban, lura daban.

Yau 'ya'yanmu da jikokinmu ba su da wannan gata. Kowa ya san halin da ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ta shiga, kuma ba mu manta watan Disamba na 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ba uban da zai ce wa ɗansa ya shiga daji neman ƙwari. To tunda yaro ba ya zuwa daji, sai mu kawo masa ɗan yankin dajin gida. Shi ne dalilin wannan jawabi.

Abu na farko shi ne mazauni. A nemi kwalbar roba mai faɗin baki, irin ta alewa, a wanke ta sarai. Tsayinta ya kai ninki uku na tsawon ƙwaron, faɗinta kuma ninki biyu. A jingina ƙirare biyu ko uku a ciki, a rufe bakin da ƙyallen tatar kamu, a ɗaure. A nan ne na yi kuskurena na farko, domin yankin gidan sauro na sa, na manta cewa mai magani ne. Kafin gari ya waye ƙwaron ya mutu, jikana kuwa ya yini bai yi mini magana ba. A ajiye kwalbar a inuwa, inda tururuwa da ƙadangare da kaji ba za su kai gare ta ba. Kuma kowane ɗaya da kwalbarsa, domin in aka haɗa biyu, ɗaya za a tarar.

Na biyu, abinci. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya cin ganye, ba ya cin tuwo, kuma abin da ke motsi shi ke jan hankalinsa. Ƙanana ana ba su 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan da ke taruwa kan ɓawon ayaba ko ruɓaɓɓen mangwaro. Manya kuwa ƙuda da ƙaramar fara da gyare, da ƙwarin da ke zagaye fitila da dare. Kada abincin ya wuce rabin girmansa. Bayan kwana biyu ko uku a ba shi sau ɗaya, kuma cikinsa shi ne ma'auni: in ya shafe yana jin yunwa, in ya yi tulu a dakata. Kada a kamo masa fara daga gonar da aka yi wa feshi. Ruwa kuma ba a sa masa a kofi, sai dai a yayyafa a jikin kwalba ya sha ɗigon.

Na uku, kuma nan ne akasari ake asara, shi ne lokacin saɓa. Kafin ya girma yakan yi saɓa sau shida zuwa tara. In ta matso sai ya ƙi cin abinci, ya rataye kansa ƙasa daga ƙyallen ko ƙiraren, ya zare jikinsa daga tsohuwar fata. Amfanin tsayin kwalba ke nan. A wannan lokaci kada a taɓa shi, kada a girgiza kwalbar, kuma a fitar da duk wani gyare ko fara da ke ciki, don jikinsa laushi gare shi, abincin nasa ma yana iya cinsa. A bar shi kwana ɗaya ko biyu kafin a sake ba shi abinci. Da hunturu a ƙara yayyafi, saboda bushewar iska takan sa fatar ta maƙale, ya fito da naƙasa.

Yaron da ya yi wannan hidima zai ga abubuwa da idonsa. Zai ƙirga gaɓoɓin ƙarƙashin ciki, ya ga na namiji takwas, na mace shida. Zai ga yadda yake juya kai ya dubi bayansa. Zai ga mace ta zuba ƙwai cikin kumfa a jikin kara, kumfar ta bushe ta yi tauri, bayan makonni 'ya'ya su fito rututu. Zai kuma san cewa ba ya da dafi, duk da tsoron da ake ba mu da shi muna yara.

Kada ku ɗauka wannan wasan yara ne kawai. Akwai irinsa sama da 2,400 a duniya. A 1986 masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, David Yager da Ronald Hoy, suka gano cewa kunne ɗaya tak gare shi, a tsakiyar ƙirji, wanda da shi yake jin ƙarar jemage ya kauce. A 2016 kuma masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka liƙa masa ɗan tabarau da kakin zuma, suka tabbatar yana haɗa idanunsa biyu ya auna nisan abu kamar yadda muke yi. Irin da suka yi aikin da shi na Afirka ne, kuma a Turai da kuɗi ake sayensa don kiwo. Mu kuwa yana nan a bayan ɗaki kyauta.

Ga manoman cikinmu, gaskiya ɗaya ce. Ƙoƙi-ƙoƙi ba zai raba ku da tsutsar masarar nan da ta bayyana a Nijeriya a 2016 ba, domin ita cikin zuciyar masara take ɓuya, shi kuma ba ya zaɓe, har ƙudan zuma ci yake. Amma yaron da ya san shi zai tashi da sanin cewa ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba, kuma feshi ba ya tambayar suna kafin ya kashe.

Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya tsare rai, ciyarwa ta hau kansa. Duk mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa. Ran ƙoƙi-ƙoƙi ba ya wuce kamar shekara guda. Yaron da ya gaji, ya kai shi cikin shuka ya sake shi.

Roƙona ga ƙungiya ba na kuɗi ba ne, ma'aji ya kwantar da hankalinsa. Kowannenmu ya kawo kwalba biyu wankakku da ƙyalle, mu miƙa wa malamin kimiyya kafin damina ta faɗi. Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa in nuna wa 'yan aji ɗaya yadda ake yi. Malamanmu sun koya mana lura, bashi ne a kanmu mu biya.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya maida kowa gidansa lafiya.