Ƙugiya Ba Ta Ƙara Wa Mota Birki

Yau hirar tamu ta lodi ce, kuma da mutanen Birnin Kudu da Gwaram nake, musamman direbobin a-kori-kura, da yaran mota, da 'yan uwanmu masu walda.

Kaka ta yi. Riɗi da gyaɗa da dawa da zoɓo suna ta fitowa daga ƙauyuka, kowa na son kayansa su isa kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu da wuri. Mai mota kuma ya duba kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a 2023, ya ga sawu biyu asara ne, gara ya haɗe su a ɗaya. Shi ya sa wasu ke zuwa wajen mai walda a liƙa musu ƙugiya a bayan mota, su riƙa jan 'yar tirela. Ni ban ce kar a yi ba. Dabara ce mai kyau, a ƙasashe da yawa haka manoma ke yi. Amma tana da ƙa'ida, kuma in an karya ta rai ne ke biya.

Mu fara da lissafi. Kowace mota akwai iyakar nauyin da kamfani ya yanka mata, yawanci yana rubuce a wani ɗan faranti a jikin ƙofar direba ko wajen inji. 'Yar ƙaramar Hijet ko Suzuki Carry ɗin nan da ake shigowa da su daga Japan, kilo 350 ne ƙa'idarta. Buhu uku da rabi ke nan, in buhun mai kilo 100 ne. Hilux kuwa wajen tan ɗaya take ɗauka, wato buhu goma, kuma har da nauyin direba da duk wanda ya hau a ciki. To don Allah ku tuna buhu nawa kuka saba gani a kansu ranar kasuwa.

Na san amsar da ake ba ni: "Ai na ƙara mata sifirin." Gaskiya ne, sifirin zai hana bayanta zama a ƙasa. Amma birkin fa? Shi ne dai wanda ta zo da shi. Taya ita ce dai, gatarin ma shi ne. Ka ɓoye alamar ciwo ne kawai, ciwon yana nan. Ƙugiya ma haka take: tana ba ka wurin rataya kaya, ba ta ƙara wa mota ƙarfin tsayawa.

Yanzu ga masu walda. Abu na farko, ƙugiya a jikin shasi ake ɗaure ta, ba a jikin bamba ba. Bamba gwangwani ce, ba don ja aka yi ta ba. Na biyu, a ɗaure da kusoshi masu ƙarfi, waɗanda za ka ga lamba 8.8 a kansu ko sama da haka, a ramukan da ke jikin shasin. Yawan ƙona shasi da wuta yana raunana ƙarfen, wata rana a gargada sai ya tsage daga gefen waldar. In shasin ya ci tsatsa, ka gaya wa mai mota gaskiya, ko da zai tafi wani wuri da kuɗinsa. Na uku, ƙwallon ƙugiya da bakin tirela su zama girma ɗaya. Wanda aka fi samu mai milimita 50 ne. Na huɗu, sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashi, don ko ƙugiya ta kuɓuce, sarƙar ta tallabe bakin tirelar. Sannan a ja mata wayar danja da sigina. Tirela ba fitila da magariba a titin Gwaram, mai babur na bayanka ba zai gan ta ba sai ya shige ta.

Direbobi kuma, ga naku. Tirelar da ba ta da birkin kanta, kar ta wuce kilo 750 ita da kayanta, kuma wannan ga babbar a-kori-kura ne irin Hilux. Ƙananan nan kam, a haƙura da ja. Wajen lodi, kayan da suka fi nauyi su zauna a gaban tayoyin tirela, kamar kashi 60 cikin 100. In ka jibge su a baya, da ka ɗan taka wuta za ta fara kaɗa wutsiya, ta ja bayan motar hagu da dama har sitiyari ya fi ƙarfinka. Kusan kashi 10 na nauyinta ya kamata ya sauka a kan ƙugiya, kuma wannan nauyin daga cikin kason motarka ake cire shi. Gudu kuma, in ka ninka shi sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ninkuwa yake sau huɗu. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ɗora mutane a saman buhuna. Wa ke zama a can? Yaran mota, 'yan dako, ƙannenmu masu bin kasuwa, wani lokaci har mata da goyo. Lodi ya yi tsini, mota ta sha kwana, su ne farkon faɗowa. Ana kai su babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, kuɗin ɗori ɗaya ya cinye ribar kaka guda. Garin neman ƙiba an samo rama.

Don haka ga roƙona. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshinmu, ku sa doka: motar kaya daban, ta mutane daban. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC, kar aiki ya tsaya a tare hanya, ku shigo tasha da garejin walda ku koyar. Mu kuma matasa, in an ce ka hau saman lodi, ka ce a'a, ka jira ta gaba.

Ku tura wa direba ko mai walda da kuka sani wannan shiri. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a na gaba.