Lasisi, Awanni da Inshora: Abin da Ake Nema Kafin a Damƙa wa Yaro Jirgi



A nan unguwar Kusfa ba sai na yi dogon bayani kan ijaza ba. Ɗalibi yakan sauke littafi, amma ba ya shimfiɗa buzu ya karantar da shi sai malaminsa ya ce ya isa. To, haka abin yake a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964, wadda ƙananan jiragenta ke shawagi a kanmu kullum har mun daina ɗaga kai.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba da lasisi. Na farko, na tuƙa kai, yana buƙatar awa 40 a sama. Na haya, wanda ake cin abinci da shi, awa 200, ko 150 ga wanda ya bi tsararren kwas. Kyaftin na babban jirgin fasinja kuwa sai ya tara awa 1,500. Koyarwa ma da nata iznin daban.

Yawancin awannin farko a jirgi mai injin fistan ake yin su, ɗan'uwan injin mota. Amma akwai wani jirgin mai farfela wanda injinsa irin na jet ne, kananzir yake sha, kamar TBM 850 ta kwalejin, ko ATR da ke jigilar fasinja a ƙasar nan. Wannan ba ya yafe ganganci. Wajen tayar da shi kawai, in mai ya riga iska shiga, zafi ya haura ƙima, cikin 'yan daƙiƙoƙi an ƙona injin da kuɗinsa ya fi na gidaje da yawa a birnin nan. Ga gudu, ga tashi sama sosai, ga hazon hunturu da ke tilasta wa matuƙi dogara da na'ura maimakon idonsa.

Nan ne mai inshora ke shigowa, kuma a ganina shi ne mai jarrabawa na biyu, wanda ya fi na farko tsanani. Ba ruwansa da kyan takarda. Tambayarsa ita ce: awa nawa ka yi a irin wannan jirgin, yaushe rabonka da horo, wa ke zaune kusa da kai? In koyarwa za a yi da jirgin, sai an rubuta hakan a yarjejeniya, domin hannun ɗalibi ƙarin haɗari ne. Na san wasu malamanmu na da magana kan inshora, kuma takaful, wato inshorar Musulunci, ya zo. Sai dai doka ba ta barin jirgin haya ya tashi ba tare da inshora ba, kuma babban kason haɗarin a kasuwar Landan ake sake inshorarsa, da dala.

Saboda haka, Alhaji, in ka sayar da gona ka biya wa yaro kwas, ka sani ranar yaye shi ba ranar ɗaukarsa aiki ba ce. Ka tambayi makarantar tun yau: bayan awa 200, a jirgin wa zai tara sauran, kuma wa zai biya?