Tankin Mai Da Gejinsa A Tsohuwar Mota

Yau zancenmu a kan tsofaffin motoci ne, irin su Peugeot 404 da aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, da ƙanwarta 504 ta 1968. Mun san su sarai, domin tun 1975 aka soma haɗa Peugeot a Kaduna. Waɗansunmu gadonsu suka yi, waɗansu kuwa da su suke neman abinci. Kowa inji yake dubawa. Tanki kuwa, da yake a ɓoye yake, ba mai tunawa da shi sai ran da ya tsayar da mutum a daji.

Tankin waɗannan motoci na ƙarfe ne, babban abokin gabansa kuwa ruwa. To, ina ruwa yake fitowa? Wani a mai yake zuwa, musamman wanda muke saye a jarka wurin 'yan bumburutu. Wani kuwa tankin da kansa yake tara shi. In mai kaɗan ne a ciki, sauran wurin iska ce. Da dare in ƙarfe ya yi sanyi, sai damshin iskar ya zama raɓa a jikin tankin daga ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen giram 750 ce, saboda haka ruwan yakan nutse ya kwanta a ƙasa. Nan tsatsa take farawa. Ita ce take bin bututu ta toshe matata da kafireto, mota ta riƙa shaƙewa a hawa. Mai yawo kullum da lita biyar yana ganin tattali yake yi, alhali tankinsa yake ci.

In za mu wanke shi, sai mu fitar da motar fili inda iska take kaɗawa. Kada a yi a kan ramin gareji, gama tururin fetur ya fi iska nauyi, a rami yake taruwa. Ba taba, ba fitila, ba murhu kusa. Mu fara cire wayar batir, wadda take haɗe da jikin mota. Sa'an nan a juye man a mazubin ƙarfe. Kada kowa ya zuƙi tiyo da baki; fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, sai asibiti. In an sauke tankin, a zuba ruwa da sabulu da 'yan notuna, a yi ta girgizawa har tsatsar ta saki. A ƙirga notunan kafin a zuba, a ƙirga bayan an fitar. A ɗauraye har ruwa ya fito garau, a shanya a rana ya bushe ƙayau. Tiyon roba da ya tsattsage a sake shi, ba shi da tsada.

Ga inda muke roƙo ku buɗe kunne. In kun ga huda, kada ku ruga wurin mai walda kuna cewa ai ba mai a ciki. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururi ne ya gauraya da iska a cikinsa, wuta kaɗan ta isa ya tashi kamar bom. Ko wanda aka wanke sau ɗaya ba a amince masa ba. A kai wa wanda aikinsa ke nan, in kuwa hudar ta yi yawa a nemi wani tanki.

Saura geji. Mu da muka koyi baƙaƙe, E tana nufin ba mai, F kuwa ya cika; waɗansu motoci lamba ce, daga 0 zuwa 4/4. Da can ma ba kowace mota take da shi ba. Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi, kafin 1961 wani ɗan hannu ne ake juyawa in mai ya ƙare, ya saki wajen lita 5 da aka ajiye.

A cikin tanki akwai ɗan ƙwallo mai yawo a bisa mai, an ɗaura shi a sandar ƙarfe. In mai ya sauka, shi ma ya sauka, sandar ta rage wutar da take tafiya zuwa allura. In allura ta kwanta, kada mu yi saurin sayen sabon geji. A duba fiyus tukuna. Sa'an nan, tanki yana rufe, ba ɗigon mai ko ɗaya, a kunna makulli, a zare wayar da take bisa tanki, a taɓa ta da jikin mota ɗan lokaci kaɗan. In allura ta tashi, geji da waya lafiyarsu ƙalau, laifin yana tanki. Sau da yawa ƙwallon ne ya huje ya sha mai ya nutse. Ku girgiza shi kusa da kunne, za ku ji. Allura mai rawa kuwa, yawanci tsatsa ce ta ci inda waya take kama ƙarfe, sai a kankare a ɗaure.

In an mayar da kome, a sa sabuwar roba a bakin, a zuba lita 10, a duba inda allura ta tsaya, a rubuta a ɗan littafi. A ƙara 10, a sake rubutawa, har ya cika. Littafin nan a bar shi cikin motar.