Tsabtar Banɗaki Mai Tayil: Kanwa Ta Fi Ruwan Batir

Wannan shi ne jawabin da Editanmu ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Yankwashi. Mun buga shi domin amfanin masu karatu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura.



Yau maganarmu a kan banɗaki take. Kun sani a watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Wannan abin alfahari ne. To amma gina makewayi daban, riƙe shi daban. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Banɗakin da ba a kula da shi, gidan ƙuda ne da ƙwayar cuta.

Yanzu tayil ya shigo karkara. Ana sa shi a sababbin gidaje da wurin alwala na masallatai. Mutane da yawa suna goge fuskar tayil har ta yi ƙyalli, su manta da siririn layin da ke tsakanin wannan tayil da wancan. Wannan layi kuwa shi ne ran aikin. Da farin siminti magini yake cike shi. Fuskar tayil ba ta shan ruwa, amma siminti yana sha, don yana da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A nan dauɗar jiki da kumfar sabulu suke maƙalewa. In wurin bai bushe ba sai fumfuna ta kama shi ya yi baƙi, gansakuka ta fito, santsi ya biyo baya. Tsoho ko mai juna biyu in suka zame a nan, Allah kaɗai ya san ƙarshen abin.

Bari in ba ku labarin kaina. Da layin tayil na gidana ya yi baƙi, sai wani ya ba ni shawara in wanke da ruwan batir. Ranar nan banɗaki ya yi fari tas, har na yi masa godiya. Bayan 'yan watanni layin ya zama rami. Ruwa ya riƙa bi ta ƙarƙashi, in na ƙwanƙwasa tayil sai ya yi ƙara kamar ƙwarya. Ƙarshe sai da na sake kiran magini. Dalili shi ne, siminti daga dutsen farar ƙasa ake yin sa, kuma duk abu mai tsami yana cin sa. Farin da na gani, fatar simintin ce ta saɓule.

To da me za a wanke? Da abin da yake cikin gidajenmu.

Na farko, kanwa. Ita kishiyar tsami ce. Tana narkar da maiƙo da dauɗa, kuma ba ta cin siminti. A daka ta ta yi laushi, a ɗebi cokali 2, a haɗa da cokali 1 na Omo, a ɗiga ruwan ɗumi har ya yi kauri kamar kunu. A shafa a kan layin, a bar shi minti 10. Sannan a sami tsohon buroshin goge haƙori a bi layin ana gogewa. A ɗauraye da ruwa sosai. In babu kanwa, tokar murhu da aka tankaɗe tana yin kusan wannan aiki. Kada a sa soson ƙarfe, yana ƙwaƙule simintin. Kanwa tana busar da hannu, saboda haka a ɗaura leda.

Na biyu, in baƙin ya ƙi fita, to fumfuna ce. Maganinta ruwan bilic, irin su Jik ko Hypo. A zuba kofi 1 cikin kofi 9 na ruwa. A jiƙa layin, a jira minti 10, a goge, a ɗauraye. Wannan haɗi yana kashe ƙwayoyin cuta, don haka in wani ya yi gudawa a gida, da shi za a wanke bakin masai da ƙasan banɗaki. A buɗe ƙofa da taga tukuna. A haɗa daidai na ranar, don in ya kwana ƙarfinsa raguwa yake yi.

Na uku, wani farin abu da ruwan rijiya ko na burtsatse kan bari a jikin tayil in ya bushe. Shi kam sai da tsami yake fita. A shafa lemun tsami a fuskar tayil kaɗai, a ɗauraye nan take, kada a bari ya kwanta a kan layi.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku da kyau, iyayena mata, don ku kuka fi yin wannan aiki. Kada a taɓa haɗa bilic da wani abu in ba ruwa ba. In ya gamu da abu mai tsami, kamar ruwan batir ko lemun tsami ko ruwan wanke masai na kanti irin su Harpic, yana fitar da iska mai guba. Irin wannan iska aka saki a kan sojoji a ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Haka nan in ya gamu da fitsarin da ya kwana. Shi ya sa ake fara kwarara ruwa kafin a zuba bilic. Duk wanda ya ji tari ko ido na yaji yana cikin aiki, ya fita waje maza. In numfashi ya yi wuya a kai shi asibiti. Kuma kada a zuba bilic a robar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kai.

In layin ya riga ya tsage, wanki ba zai gyara shi ba. A sa ƙusa a ƙwaƙule abin da ya saki, a share, a ɗan jiƙa wurin. A kwaɓa farin siminti da kauri, a danna shi cikin ramin. In ya fara kamawa a goge fuskar tayil da jiƙaƙƙen tsumma. A bar wurin kwana 2 ba a yi wanka ba. Ɗan simintin da za a saya a kasuwa bai kai kuɗin tayar da ɗaki guda na tayil ba. In aka ƙyale kuwa, ruwa zai ci gindin bango, musamman ginin ƙasa da damina.

Wanda ba shi da tayil kada ya ce ba da shi ake ba. Daɓen siminti ma haka dokarsa take: kanwa ko toka, ban da ruwan batir, a kuma toshe tsaga tun tana ƙarama.

Amma mafi sauƙin duka shi ne busarwa. Duk wanda ya gama wanka ya sa tsintsiya ya kore ruwa zuwa rariya, ya bar ƙofa a buɗe iska ta shiga. A rufe bakin masai da murfi. A ajiye buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa domin wanke hannu. A wanke layin sau ɗaya a mako, kamar ranar Alhamis. Maigida ma ya sa hannu, kada a bar wa uwargida ita kaɗai.

Ɗalibai, ga aikin gida. Kowa ya rubuta a takarda da hannunsa cewa ba a haɗa bilic da komai sai ruwa, ya manna a ƙofar banɗaki. Mako mai zuwa malaminku zai tambaya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.